Elsie de Wolfe da sana'ar ƙawata gida: suna kafin kaya

A shekarar 1905 wani ɗan kati ya fara shiga gidajen attajiran birnin New York na Amurka. A jikinsa akwai zanen kyarkeci da furanni, da sunan wata mata, Elsie de Wolfe, wadda ke sanar da jama'a cewa daga yanzu sana'arta ita ce ƙawata cikin gida. Zanen wasa ne da sunanta, domin a Ingilishi sunan da kalmar kyarkeci amo ɗaya gare su. Ba ta yi karatun zanen gini ba, ba ta kuma gaji sana'ar ba. Jarinta ɗaya ne: an san ta.

Sanin nan daga dandamalin wasan kwaikwayo ya faro. Ta shiga wasa a matsayin sana'a a 1891, cikin Thermidor na Bafaranshe Victorien Sardou, ta yi fiye da shekara goma tana yi. Masu sharhi ba su cika yabon wasan nata ba. Tufafin da take sawo daga Paris su ne matan gari ke zuwa kallo. Wata da baƙin ciki za ta bar dandamalin. Ita kuwa ta fahimci cewa idonta na zaɓe shi ne haja.

Tana zaune ne tare da Elisabeth Marbury, dillaliyar marubuta wadda ta wakilci Sardou da Oscar Wilde da Bernard Shaw. Gidansu na titin Irving Place shi ne tallarta ta farko. A wancan zamani ɗakunan masu hali duhu ne da su: katako baƙi, labule mai nauyi, tarkace ko'ina. Ta kwashe su, ta shafa fenti mai haske, ta rataya madubai, ta kawo kujeru marasa nauyi irin na Faransa ta ƙarni na 18. An ɗauki hoton ɗakin cin abincin kafin gyara da bayansa, dabarar da har yau mujallu ba su gaji da ita ba. Kowace Lahadi kuma ana karɓar baƙi, marubuta da masu kuɗi, su sha shayi su ga ɗaki. Mu ma mun san haka: macen da ta iya jere ba ta shela, ranar biki ɗakin amarya ke yi mata magana. Bambancin shi ne de Wolfe ta sa wa abin farashi.

Aikin da ya kafa ta shi ne Colony Club, gidan ƙungiyar manyan matan New York, wanda aka buɗe a 1907. Marbury na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, haka ma Anne Morgan, ɗiyar mai bankin nan J. P. Morgan, kuma mai zanen ginin, Stanford White, ya tsaya mata aka ba ta aikin. Ta yi amfani da yadin auduga mai furanni, wanda a lokacin ake ganin kayan gidan ƙauye ne, ta kuma yi wani ɗaki da ragar katako kamar rumfar lambu. Kowace mace da ta shiga gidan tana da nata gidan da dukiyar gyara shi. A daidai waɗannan shekaru ne hulɗa da jama'a ke zama sana'a a Amurka: Ivy Lee ya fitar da ƙa'idojinsa ga ƴan jarida a 1906, littafin Edward Bernays bai fito ba sai 1923. De Wolfe ba ta jira su ba.

Daga nan sai rubutu. Maƙaloli ɗauke da sunanta suka riƙa fitowa a mujallun mata, The Delineator da Good Housekeeping, aka tattara su a 1913 cikin littafin The House in Good Taste. Mai magana a littafin tana cewa "ni", tana ba da shawara kamar ya da ƙanwa, tana kafa misali da gidajenta. Matan da ba za su taɓa iya biyan ta ba suka saya, suka mayar da sunanta ma'aunin iya zama. Amma ba ita ta riƙe alƙalamin ba. Wata ƴar jarida ce, Ruby Ross Goodnow, ta rubuta, kuma sunanta bai hau bangon littafin ba. A ganina nan ne tarihin ya fi cancantar malami ya tsaya da ɗalibansa. Dabarun na de Wolfe ne, babu musu. Muryar da ta sa dubban mata suka amince da ita kuwa aro ce. Ruby Ross ba ta ɓace ba: ta buɗe nata kamfani da sunan Ruby Ross Wood, a hannunta Billy Baldwin ya koyi aikin da ya shahara da shi.

Ribar ta zo da sauri. Attajirin ƙarfe Henry Clay Frick, da yake gina gidansa na Fifth Avenue a 1913 da 1914, ya ba ta ɗakunan bene na iyali, da la'adar kashi 10 cikin 100 a kan abin da ta sayo masa. Dillanci ne, sai dai dillalin ya sa rigar malami.

Ana yawan kiranta mace ta farko a wannan sana'a. Candace Wheeler ta riga ta: tun 1879 take aiki da Louis Tiffany, ita ce kuma ta jagoranci adon ginin mata a baje kolin Chicago na 1893. Laƙabin nan na "ta farko" shi ma kayan talla ne, ya kuma fi kujerun daɗewa.

Sauran rayuwarta a Faransa ta fi yin ta, a Villa Trianon na Versailles. Ta yi jinyar sojojin da suka ƙone a yaƙin 1914, Faransa ta ba ta lambar yabo. Ta ƙawata gidan Condé Nast, mai mujallar Vogue, wato gidan da ƴan jaridar ado ke taruwa. A 1926 ta auri Sir Charles Mendl, jami'in hulɗa da ƴan jarida a ofishin jakadancin Ingila na Paris, ta zama Lady Mendl. Gashinta da take rinawa shuɗi, da tsayuwa a kan ka da take yi tana tsohuwa, duk sun zama labari. Liyafarta ta ƙarshe mai girma an yi ta ranar 1 ga Yulin 1939, wata biyu kafin yaƙi. Ta gudu Amurka a 1940, ta koma Versailles bayan yaƙin, can ta rasu a watan Yulin 1950. Ruby Ross Wood ta riga ta da ƴan watanni.