Sabo, ɗan Beljik ko gyararre: tarihin injin mota a garuruwanmu

Duk wanda injin motarsa ya buga, ko buwat ta daina shiga giya, tambaya guda ke hana shi barci: ya sayi sabo, ya sayi ɗan Beljik, ko ya sa a gyara na jikinta? Yau mun so mu waiwaya mu ga yadda iyayenmu suka amsa ta, da yadda muka zo inda muke.

A shekarun 1960, lokacin da gyaɗa ke tafiyar da kasuwar Maraɗi da Damagaram, motocinmu na Faransa ne: manyan Berliet masu jigilar buhuna, da Peugeot 404 bashe mai kai mutane kasuwannin ƙauye. Daga baya 504 ta shigo, kuma a 1975 aka soma haɗa Peugeot a Kaduna, sai kayan gyaranta suka wadata ta hanyar Kano da Jibiya. A wancan zamani ba a jefar da inji. Silindar 404 da 504 riga gare ta, wadda makanikai ke kira shamis, ana zare ta a sa sabuwa. Sai a canza fistan da ringi, a dirje karanshaf, a rufe da sabon gaskit, mota ta koma hanya. Inji guda a buɗe shi sau biyu, sau uku. Yaro kuwa sai ya shekara da shekaru yana wanke ƙarfe da kananzir kafin maigida ya bari ya ɗaure kilas da hannunsa.

Abubuwa biyu suka juya lamarin. A 1986 naira ta soma faɗuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin talakan Najeriya. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, abin da ake saye jikka ɗari daga Turai ya koma ɗari biyu. Sabon inji na cikin kwali ya zama na ma'aikatu da ƙungiyoyi. Mu sauran muka juya tashar ruwan Kwatano, inda tsofaffin motocin Turai da injinansu ke sauka, su biyo ta Gaya zuwa Dosso, Konni da Maraɗi, wasu su zarce Najeriya. Toyota ta ture Peugeot: Starlet da Corolla a taksi, Hiace a tasha. Ɗan Beljik ya yi araha har buɗe inji ya zama kamar ɓata lokaci. A sauke wannan, a ɗora wancan, kwana biyu an gama.

To amma araha ba ta ado. Garaji da yawa suka koma wurin sauke-ɗora, yara suka tashi ba su taɓa auna silinda ba. Ga injinan yanzu da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ga buwat otomatik da ba kowa ke iya buɗe ta ba. Sannan ha'inci ya shigo: injin da ya gaji a nan gida, a wanke shi tas, a fesa fenti, a ce yanzu ya sauka daga jirgi. Mun san matashin da ya ci bashi ya sa irinsa a taksi, wata uku bai cika ba ya soma hayaƙi, bashi na nan, mota na kwance.

Tun bayan 26 ga Yuli 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kuɗin ɗauko su ya hau. Sai ga mu muna neman tsofaffin makanikan da muka manta, waɗanda Allah ya bari da rai.

Darasin da muka gani shi ne: sunan inji ba ya tuƙa mota. Sabo ya fi kwanciyar hankali in aljihu zai ɗauka. Ɗan Beljik sa'a ce, don haka kada a biya sai an tada shi a gabanka. Hayaƙi shuɗi, yana cin mai. Fari mai kauri, ruwa na shiga. Man buwat in ya yi baƙi yana warin ƙuna, a bar ta. A kuma yi sharaɗin kwanakin mayarwa a rubuce, gaban shaidu. Gyararre kuwa, in buloki bai tsage ba, kayan na ƙwarai ne, hannun kuma na gwani, ya kan fi ɗan Beljik daɗewa, don ka san abin da ke cikinsa. Mai bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san darajar wannan sani.

Dattawan garaji da tsofaffin direbobi, ku ƙara mana da abin da kuka gani. Iyaye kuma, in za a kai yaro koyon aiki, a kai shi inda har yanzu ake buɗe inji. Allah ya kiyaye hanya.