Yadda kwamfuta ke rubuta harafin Ɗ na Ɗanbatta

Duk abin da aka rubuta cikin kwamfuta ko wayar salula, na'urar kan mayar da shi jerin alamu biyu ne kacal: sifiri da ɗaya. Kowace alama ita ake kira bit, takwas daga cikinsu kuma bayit guda.

Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 yana amfani ne da bit bakwai, watau gurabe 128. Harafin D ya sami lamba 68, amma Ɗ da Ƙ da Ɓ ba su sami gurbi ba.

Wannan ne ya sa shafukan Hausa na farko a intanet suka riƙa sa waƙafi a jikin harafi, ko su bar shi haka nan, mai karatu ya rarrabe baki da baƙi da kansa.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya bai wa Ɗ lamba 394. Lambar ta fi ƙarfin bayit guda, don haka dabarar UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992 take raba ta gida biyu: 11000110 10001010.

Alamu ukun farko, 110, suna shaida wa na'urar cewa harafin na da bayit biyu. 10 na farkon kashi na biyu kuma na nuna ci gaba ne. Sauran bit 11 su ne lambar. Ke nan sunan Ɗanbatta haruffa takwas ne, amma bayit tara.

Masu rubuta manhaja ba kasafai suke wannan lissafi da hannu ba. Akwai shiryayyun ɗakunan umarni, irin su bitstring da bitarray na harshen Python, masu haɗa jerin bit, su yanka shi, su karanta shi. Manhajar da ta yanke suna a tsakiyar Ɗ, shirme za ta fitar a rajista.

Lamarin ya shafi aljihu ma. Saƙon tes na ɗaukar bit 1,120, watau haruffa 160 masu bit bakwai. Ɗ guda kan sa waya ta koma ga bit 16 a kan kowane harafi, sai iyakar ta sauko zuwa 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku.

Abin sha'awa, wanda ya shugabanci hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, daga 2015 zuwa 2023 shi ne Farfesa Umar Garba Ɗanbatta.