Inshorar gini

Inshorar gini wata yarjejeniya ce tsakanin kamfanin inshora da mai gini ko ɗan kwangila, wadda kamfanin ke ɗaukar nauyin biyan diyya idan ɓarna ta afka wa gini tun ana cikin aikinsa ko gyaransa. Ta bambanta da inshorar gida, domin ita wannan ta shafi ginin da aka kammala, har aka tare a cikinsa.

Abin da take ɗauka

Yawanci tana biyan asarar da ta samo asali daga gobara, tsawa, guguwa, fashewa, sata da ɓarnar ganganci. Bayan ginin kansa, tana haɗawa da kayan aiki kamar siminti, rodi, katako da kwano, ko suna filin gini, ko a sito, ko a kan hanya idan yarjejeniyar ta faɗi haka. A Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta, akan haɗa ta da diyyar mutanen waje, kamar maƙwabcin da katanga ta faɗa wa gidansa.

Ba ta biyan ɓarnar yaƙi, lalacewar kaya saboda tsufa, ko kuɗin gyara aikin da aka yi ba daidai ba. A Amurka sau da yawa sai an ƙara kuɗi kafin ta ɗauki ambaliya da girgizar ƙasa. Wa'adinta na ƙarewa ne idan aka miƙa ginin ga mai shi.

Gyaran tsohon gini

Aikin gyara ya fi sabon gini haɗari, saboda walda, wayoyin lantarki na wucin gadi da busasshen katako. Cocin Notre-Dame da ke Paris ya kama da wuta ranar 15 ga Afrilu, 2019, ana tsakiyar gyaransa. Haka tsohon ginin kasuwar hannun jari ta Copenhagen ya ƙone ranar 16 ga Afrilu, 2024. Shi ya sa kwangilar gyara ke fayyace wanda zai yi wa tsohon ginin inshora, da wanda zai yi wa sabon aikin.

Doka

A Faransa, dokar Spinetta ta 1978 ta wajabta wa mai gini yin inshora kafin a fara aiki, ta kuma wajabta wa magina inshorar manyan lahanin da suka bayyana cikin shekara 10 bayan miƙa ginin.

A Najeriya, sashe na 64 na Dokar Inshora ta 2003 ya hana gina bene mai hawa fiye da biyu ba tare da inshorar da za ta biya ma'aikata da sauran jama'a diyyar rauni, mutuwa ko asarar dukiya ba. Hukuncin saɓa wa sashen a lokacin da dokar ke aiki shi ne tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara uku, ko duka biyun. Batun rashin bin dokar ya sake tasowa bayan rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi, Legas, ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda sama da mutum 40 suka rasu. A 2025 wata sabuwar doka ta maye gurbin ta 2003. Hukumar NAICOM ce ke sa ido a kan kamfanonin inshora a ƙasar, har da na takaful, wato inshorar da ke bin ƙa'idojin Musulunci.