Kwamfutar da ke tashi daga nesa, da darasin Khartum

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar bakin iyaka, wataƙila ka ce ina ruwanka da cikin kwamfuta. To, muddin ka taɓa sayar da sa aka tura maka kuɗin ta waya, ruwanka ya shiga.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tashinta, irin su Windows ko Linux. Bisa al'ada wannan manhaja tana zaune ne a faifan da ke cikin na'urar. In faifan ya lalace ko aka sace shi, sai a bar ka da ƙarfe. Tun a shekarun 1980 masana a Amurka suka nemi mafita. Kamfanin Sun Microsystems ya fito da NFS a 1984, hanyar da kwamfuta za ta yi aiki da ma'ajiyar nesa tamkar tata. A 1985 aka wallafa ƙa'idar BOOTP, sannan a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Intel ya kawo PXE.

Ga yadda abin yake. Da an kunna na'urar, sai ta yi cigiya a kan layi: wa zai ba ni adireshi? Uwar kwamfuta ta amsa, ta nuna mata inda manhajar take. Sai ta ɗebo, ta tashi, ta kama aiki. Kamar mai rumbu a gida ne da ya fita mashekari: ko bukkar ta ƙone, hatsi na nan. Amma fa in hanyar gida ta toshe, da yunwa zai kwana.

Wannan tunani na tara komai a cibiya ɗaya shi bankuna da kamfanonin waya suka bi. A Sudan, kafin yaƙi, manyan cibiyoyin suna Khartum. Mai sayar da dabbobi a kasuwar Muwailih ta Omdurman, ko mai shago a Suk Libya, in ya karɓi kuɗi ta Bankak, manhajar Bankin Khartum, ba cikin wayarsa kuɗin yake ba. Lissafi ne a wata na'ura da bai taɓa gani ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Bankuna suka rufe a Khartum, takardun kuɗi suka yi wuya, Bankak ta zama abin dogaron jama'a. Sai ga shi a farkon Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk sun ɗauke. An ɗora laifin a kan RSF, wadda cibiyoyin Khartum ke hannunta a lokacin. Mutum na da kuɗi a asusu, amma ba shi da halin sayen mudun dawa. Wasu sai da suka biya kuɗi a wuraren da aka kafa Starlink kafin su ga saƙon ƴan'uwa.

Ta ina mafita ta fito? Daga Port Sudan, a bakin Bahar Maliya, inda gwamnati ta koma a lokacin, inda kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke shigowa ƙasar. Can Zain ya kafa sabuwar cibiya, layinsa ya fara dawowa a watan Maris 2024. Wato an sauya wa rumbun mazauni, wayoyin jama'a suka sake samun inda za su ɗebo.

Don haka ɗan'uwa, ajiyar nesa tana tsare dukiya daga wuta da ɓarawo, amma tana ɗaure ka da layi. In za ka kasuwar kan iyaka, riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ka bar ɗan tsabar kuɗi a aljihu, bashin da kake bi kuma ka rubuta shi a takarda gaban shaidu. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.