NNS Aradu: Jirgin yaƙin da ya ɗauki sunan Hausa

NNS Aradu shi ne jirgin da ya daɗe yana jagorantar rundunar sojin ruwan Nijeriya. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a birnin Hamburg na Jamus, tsawonsa kimanin mita 125, kuma ya fara aiki a 1982. Da farko Republic aka sa masa, daga baya aka raɗa masa Aradu, kamar yadda Damisa da Dorina suka samu sunayen Hausa.

Samfurinsa MEKO ne, dangin da jiragen Anzac na Ostireliya suka fito. A 2005 ya halarci faretin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a Ingila, tare da HMAS Anzac. Bayan nan rashin gyara ya ɗaure shi a Legas shekara da shekaru, abin da bai dace da jirgi mai wannan suna ba.

Arewa ba ta da teku, amma ta ba rundunar shugabanni. Jubrila Ayinla, haifaffen Ɓaɓura a Jigawa, ya zama babban hafsan sojin ruwa daga 1998 zuwa 1999.