Matse ruwan ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu

Matse ruwan ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu hanya ce ta fitar da ruwan da ke cikin kayan marmari ko ganyaye ba tare da an ɗora su a wuta ba, ta hanyar matsawa da hannu, daka a turmi, markaɗe ko amfani da na'ura, sannan a tace a raba ruwan da tuƙarsa. A ƙasashen Turai da Amurka ana danganta wannan al'ada da tsarin cin ɗanyen abinci, wato tsarin da mabiyansa ke guje wa duk abin da aka dafa. A ƙasar Hausa kuwa, ciki har da ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari na jihar Sakkwato, ba a ɗauke ta a matsayin wani tsarin rayuwa na musamman ba. Abin sha ne na lokacin zafi da azumi da biki, kuma sana'a ce ta matan aure da masu sayar da kayan marmari a bakin hanya.

Tarihi

A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwa ɗan Sikotilan mai suna James Lind ya gwada bai wa matuƙan jirgi lemu da lemun tsami, ya ga sun warke daga cutar da ke sa dasashi zubar jini. Sai a farkon shekarun 1930 aka tabbatar cewa sinadarin bitamin C ne ke yin wannan aiki. A 1869 Thomas Welch na Amurka ya yi amfani da dabarar Louis Pasteur ta ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta, ya samar da ruwan inabi da ke daɗewa bai yi tsami ba. Daga nan masana'antar lemun kwalba da na kwali ta samo tushe.

Tsarin cin ɗanyen abinci na zamani ya samo asali ne daga likitan Suwizalan Maximilian Bircher-Benner (1867–1939), wanda ya riƙa ciyar da majinyata ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye a asibitinsa da ke birnin Zurich. A Amurka, Norman Walker (1886–1985) ya yaɗa shan ruwan karas da na ganyaye, kuma an san shi da na'urar matse ruwa mai suna Norwalk tun shekarun 1930.

Hausawa sun daɗe da nasu abin sha na jiƙo wanda ba ya bukatar wuta. Ana jiƙa tsamiya, garin 'ya'yan kuka, goruba da garin ɗorawa a ruwa, a dama, a tace a sha. Kunun aya ma, duk da sunansa, ba a dafa shi.

A Bodinga da Shagari

Bodinga da Shagari suna kudu da birnin Sakkwato, a kan babbar hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, kuma dukansu suna cikin mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Sakkwato ta Kudu. Ƙidayar 2006 ta nuna Bodinga na da mutum 175,406, Shagari kuma 156,413. Bodinga ta shahara da zaman da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi a cikinta, kuma a yankinta garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983.

Damina a wannan yanki gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. A bazara, musamman Afirilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka yawancin ɗanyun kayan lambu na fitowa ne daga noman rani a fadamu, inda ake ban ruwa da rijiyoyi da ƙananan injuna. Akwai kuma madatsar ruwa ta Shagari, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka gina domin noman rani da samar da ruwa. Daga lambunan jihar ake samun tumatir, albasa, karas, latas, kabeji, gurji da kankana. Mangwaro na nuna a bazara. Lemun zaƙi yawanci daga jihar Binuwai ake kawo shi, abarba da kwakwa daga kudancin Najeriya, aya kuma ana nomanta a arewacin Najeriya da yankin Maradi na Jamhuriyar Nijar.

Kasuwar abin sha mai sanyi ta fi ci a watan Ramadan, lokacin da ake neman abin buɗa baki. Mata kan haɗa zoɓo, kunun aya, lemun citta da na tsamiya a gida, a ɗura a leda ko gorar roba, yara su kai kasuwa ko tasha a cikin kula da ƙanƙara. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa ƙanƙarar saye ta fi firji muhimmanci a wannan sana'a.

Ire-irensa

Kankana: fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, shi ya sa ta fi kowane abu sauƙin matsewa. Jan launinta daga sinadarin laikofin yake.

Mangwaro, gwanda da gwaiba: namansu na da kauri, don haka markaɗa su ake yi a ƙara ruwa. Gwaiba ta fi lemun zaƙi yawan bitamin C.

Karas da gurji: ana gurza su ko a markaɗa, a matse a ƙyalle. Karas na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ido ke bukata.

Kunun aya: ana jiƙa aya ta kwana, a markaɗa da dabino da kwakwa da citta da kanumfari, a tace. Yana saurin yin tsami idan ba a sanyaya shi ba.

'Ya'yan kuka: farin garin da ke cikin ƙwaryar yana da bitamin C mai yawa. Tarayyar Turai ta amince da sayar da shi a matsayin abinci a 2008.

Zoɓo: yawanci tafasa shi ake yi, don haka ba ya cikin ɗanyen abin sha sai idan jiƙa shi aka yi a ruwan sanyi.

Yadda ake yi

Ana fara wanke hannu da sabulu, a wanke kayan da ruwa mai tsabta tun kafin a yanka, domin wuƙa na iya shigar da dattin ɓawo cikin nama. A fere abin da ke bukatar fira, a yanke inda ya ruɓe. A ƙauyuka ana daka a turmi ko a kai injin markaɗe, a tace da rariya ko farin ƙyalle. A gidajen da ke da wuta ana amfani da bilenda. Idan aka sha markaɗen ba tare da tacewa ba, ba a rasa tuƙar ba. Na'urar matse ruwa kuwa ita ke ware tuƙar da kanta.

Amfani ga jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a kullum. Ruwan da aka matse yana riƙe da yawancin bitamin C da sinadarin fotashiyam, yana kuma mayar da ruwan jiki bayan yinin azumi ko aiki a rana. Zafin wuta na lalata wani ɓangare na bitamin C, wanda hakan ne hujja mafi ƙarfi ta masu son ɗanye. Bitamin C na taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da gero, don haka shan ruwan lemu ko na kuka tare da abinci na da amfani ga masu ƙarancin jini. Yana kuma sauƙaƙa wa tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya tauna.

Illoli da taƙaddama

Tacewa na zubar da yawancin tuƙa, wadda ita ce ke rage saurin shigar suga cikin jini da hana taurin bayan gida. Kofi ɗaya na ruwan lemu yana cin lemu biyu zuwa huɗu, kuma yana ɗauke da suga kimanin giram 20 tun ba a ƙara ko cokali ɗaya ba. A ƙa'idarta ta 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa sugan ruwan 'ya'yan itatuwa tare da sugan da ake zubawa a shayi, ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. A Birtaniya hukumomin lafiya sun taƙaita shi ga mililita 150 a rana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2017 kada a bai wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Mai ciwon suga ya fi dacewa ya ci ɗan itacen da kansa, mai ciwon ƙoda kuma ya nemi shawarar likita saboda yawan fotashiyam.

Babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da iƙirarin cewa shan ruwan ganyaye zalla na kwanaki yana wanke jini, domin hanta da ƙoda ne ke wannan aiki. Haka nan ba a tabbatar cewa tsarin Max Gerson na shan ruwan kayan lambu yana warkar da ciwon daji ba, kuma barin maganin asibiti saboda shi haɗari ne. Ba kowane abinci ne ya fi amfani a ɗanye ba: jiki ya fi cin moriyar laikofin na tumatir da sinadarin karas idan an dafa su da ɗan mai, wake na bukatar dahuwa, rogo mai ɗaci kuwa na da guba sai an sarrafa shi. Wani bincike da aka buga a 1999 daga Jami'ar Giessen ta Jamus ya gano cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba, masu daɗewa a kan ɗanyen abinci, al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Masu barin nama da nono da ƙwai gaba ɗaya kan rasa bitamin B12.

Tsabta

Tun da ba a tafasa shi, duk ƙwayar cutar da ke cikin ruwan haɗi, ƙanƙara, ƙyallen tacewa ko tsohuwar gora tana isa cikin mai sha. Ta wannan hanya ake iya kamuwa da kwalara da zazzaɓin taifot. A 2021 Najeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da annobar ta shafa. A watan Maris na shekarar, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano bayan shan lemun da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗanɗano, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta shiga bincike. Ko a Amurka, ɗanyen ruwan tuffa ya yi sanadin mutuwar wata yarinya a 1996, daga baya aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalaben da ba a ɗumama ba.

Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce a yi haɗin da tafasasshen ruwa ko wanda aka tsabtace, a sha nan take, ko a adana a sanyin da bai wuce digiri 5 ba. Abin da ke saurin lalacewa bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, idan kuma zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake a yawancin ranakun bazara a Bodinga da Shagari, awa ɗaya ce iyaka. Mata masu ciki, ƙananan yara da tsofaffi su ne suka fi shiga haɗari idan abin shan ya gurɓata.