Hanyoyin Shiga Jami'a Ba Tare da Zana Jarrabawar JAMB Ba

Mun tanadi wannan bayani ne domin iyaye da malamai da hakimai da jami'an ilimi na yankin Kurya Madaro da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Mutane da yawa na ɗauka cewa ɗalibin da ya gaza samun maki mai yawa a JAMB karatunsa ya ƙare. Ba haka abin yake ba.

Asalin jarrabawar

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar JAMB a 1978 domin daidaita ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. A 2005 jami'o'i suka fara tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, ta zama UTME, kuma daga 2015 da kwamfuta ake zana ta. Wannan ya ƙara wa ɗaliban karkara nauyi, domin wasu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai a ɗakin jarrabawa.

Hanyoyin da doka ta amince da su

1. Shiga kai tsaye. Mai takardar NCE, kamar ta Kwalejin Ilimi ta Maru, ko difloma ta ƙasa, kamar ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda wadda aka kafa a 1983, yana iya neman aji biyu a jami'a idan sakamakonsa ya yi kyau. Zai yi rajista da JAMB, amma ba zai zana UTME ba.

2. Shirin IJMB. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ke kula da shi. Ɗalibi kan yi kimanin shekara guda yana karanta darussa uku, sannan ya nemi aji biyu da sakamakon.

3. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN. Ba ta neman makin UTME, kuma tana da cibiya a Gusau. Ta dace da ma'aikata da matan aure.

Duk hanyoyin nan suna buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci.

Kason gurabe

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Zamfara na cikin rukuni na uku. Saboda haka zaɓen makaranta ta kusa, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, yana ƙara wa ɗalibi dama.

Yadda lamarin yake a Amurka

Can ma an daɗe ana muhawara kan jarrabawar shiga jami'a. Kwalejin Bowdoin ta daina tilasta wa masu nema kawo maki tun 1969, kuma makarantu da dama sun bi sahu lokacin annobar korona a 2020. Sai dai MIT ta dawo da jarrabawar a 2022, Harvard da Dartmouth kuma a 2024, bisa hujjar cewa makin kan taimaka wajen gano haziƙan ɗalibai daga makarantun talakawa.

Gargaɗi

Tun 2017 duk gurbin karatu sai ya bi ta tsarin CAPS na JAMB. Wanda aka ɗauka ta bayan fage yana iya kammala karatu a hana shi zuwa bautar ƙasa. Muna kira ga iyaye kada su sayar da hatsi ko dabba domin biyan mai cewa zai samo wa ɗansu gurbi. Dokokin kan canza shekara-shekara, don haka a tuntuɓi ofishin JAMB da ke Gusau kafin a biya ko sisi.